Wanda Ya Rasu Bai Samu Baftisma Ba: Me Ikilisiyoyi Ke Koyarwa Game da Cetonsa?

A ƙauyukan Kiristoci na kudancin Kano, wajen Sumaila da Tudun Wada da Rogo, da wasu sassan Jigawa irin su Roni, ba a cika tayar da maganar wajibcin baftisma a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ba. A gidan makoki aka fi tayar da ita. Dattijo ya shekara biyu yana zuwa sujada, sunansa na cikin 'yan ajin baftisma, zazzaɓin damina ya ɗauke shi saura wata guda a shiga ruwa. Ko kuwa jariri ya koma tun ba a yi suna ba. Sai iyali su ja mai hidima gefe su ce, "Baba Fasto, to yanzu ina matsayinsa?" Amsar da za su ji ta danganta da ikilisiyar da suke, amma tazarar da ke tsakanin amsoshin ba ta kai yadda ake zuzuta ta a kan bagadi ba.

Abin da ke rikita mahawarar shi ne ana cusa tambayoyi uku cikin ɗaya. Shin Yesu ya umarci a yi baftisma? Shin a cikin baftismar Allah yana aikata wani abu ga mutum, ko shaida ce kawai ta abin da ya riga ya faru a zuci? Sannan, wanda bai samu ba, ya hallaka ke nan? Ta farko kusan babu gardama a kanta, don Matiyu 28:19 a fili take: a almajirtar da al'ummai, ana yi musu baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A ta biyu ne ikilisiyoyi suka rabu da gaske. Ta uku kuwa, wadda ita ce ke hana masu makoki barci, yawancinsu sun fi kusa da juna a kanta fiye da yadda mabiyansu suka sani.

Masu cewa baftisma wajibi ce suna da ayoyi masu nauyi. A Yahaya 3:5 Yesu ya gaya wa Nikodimu cewa in ba a haifi mutum ta ruwa da Ruhu ba, ba zai shiga Mulkin Allah ba, kuma malaman ikilisiya na ƙarnonin farko kusan dukkansu sun ɗauki ruwan nan a matsayin baftisma. A ranar Fentikos Bitrus ya ce wa taron su tuba, a yi wa kowannensu baftisma domin gafarar zunubai (Ayyukan Manzanni 2:38). Hananiya ya ce wa Bulus ya tashi a yi masa baftisma ya wanke zunubansa (22:16). Titus 3:5 na maganar wankan sabuwar haihuwa, 1 Bitrus 3:21 kuma ta faɗa gatsal cewa baftisma tana ceto, ko da yake nan take ta ƙara da cewa ba wanke dauɗar jiki ake nufi ba, maganar lamiri ce a gaban Allah. Duk mai wa'azin da ya ce baftisma "alama ce kawai" ya wuce waɗannan ayoyi a guje, bai yi wa masu sauraronsa adalci ba.

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana suka zo ba. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta wurin alheri ne ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba. Romawa 10:9 ta rataya shi ga shaidawa da baki da gaskatawa a zuci, ba ta ambaci ruwa ba. Bulus da kansa ya gode wa Allah da bai yi wa mutane da yawa baftisma a Koranti ba, ya ce wa'azin bishara aka aiko shi (1 Korantiyawa 1:14-17). Markus 16:16 kuwa kowa janta yake wajensa: rabin farko ya ce wanda ya ba da gaskiya aka yi masa baftisma zai sami ceto, rabi na biyu ya ce wanda bai ba da gaskiya ba za a hukunta shi, bai sake ambaton baftisma ba. Ga kuma cewa ayoyi na 9 zuwa 20 na wannan sura babu su a manyan tsofaffin kwafin Helenanci guda biyu na ƙarni na 4, shi ya sa malami mai hankali ba ya ɗora dukan gininsa a kan ayar.

Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu (Luka 23:43) shi ne hujjar da aka fi ji a bakin matasa, amma ba ita ce mafi ƙarfi ba. Abokin gardama zai ce ɓarawon ya mutu kafin a ba da umarnin Matiyu 28, kuma Mai umarnin ne da kansa ya yi masa alkawari. Labarin Karniliyas ya fi wuyar kaucewa. A Ayyukan Manzanni 10:44-48 Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutanen gidansa Bitrus na tsakiyar magana, ruwa bai taɓa kowa ba. To amma a lura da abin da Bitrus ya yi. Bai ce tunda sun sami Ruhu a bar maganar ruwa ba, umarni ya bayar a yi musu baftisma nan take. Kishiyar wannan shi ne Saminu mai sihiri na Samariya a sura ta 8, wanda aka yi masa baftisma, daga baya Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. In aka jera labaran nan biyu, za a ga ana iya samun Ruhu kafin ruwa, ana kuma iya shiga ruwa a fito zuciya na nan yadda take. Abin da ba za a samu a Sabon Alkawari ba shi ne mai bi da aka yi masa tayin baftisma ya ce ba ya bukata. Mutum wajen 3,000 aka yi wa a ranar Fentikos. Mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa a cikin daren da suka ba da gaskiya aka yi musu. Babban jami'in nan ɗan Habasha na sura ta 8 a bakin hanya ya tsayar da karusarsa da ya ga ruwa.

Ikilisiyar Katolika, wadda Dayosis ɗinta na Kano ya haɗa Kano da Jigawa, ita ce aka fi sani da cewa baftisma wajibi ce, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Gaskiya ne Taron Tirent, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1547 ya la'anci mai cewa baftisma zaɓi ce. Amma taron nan ɗaya, a wannan shekarar, da yake bayanin yadda ake barata mai zunubi, cewa ya yi ta wurin wankan sabuwar haihuwa ko marmarinsa. Katekizim na 1992, littafin koyarwar Katolika, a sakin layi na 1257, ya taƙaita matsayin: Allah ya ɗaura ceto ga baftisma, amma shi kansa ba a ɗaure yake da ita ba. Wajibcin yana kan wanda bishara ta kai gare shi kuma yana da damar nema. Daga nan aka sami abin da ake kira baftismar jini, ga wanda aka kashe saboda bangaskiya kafin ya shiga ruwa, da baftismar marmari, ga ɗan aji da ya mutu yana jira. Wannan ba sassaucin zamani ba ne. A shekara ta 392 Bishop Amburos na Milan ya yi wa'azin jana'izar Sarki Balentiniyan na Biyu, saurayin da ya mutu yana ɗan aji bayan ya nemi a yi masa baftisma, ya ce marmarinsa ya wanke shi. Da wani Fada, wato limamin Katolika, a Amurka, Leonard Feeney, ya dage cewa in ba ruwa ba ceto, Roma ta ƙi koyarwarsa a 1949, aka kuma fitar da shi daga zumunci a 1953 saboda ƙin biyayya.

Maganar jarirai ta fi ɗaci. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa jaririn da ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukuncin zunubin gado, sai dai hukunci mafi sauƙi. Malaman da suka biyo baya suka sassauta da ra'ayin Limbo, wurin da ba azaba amma ba ganin Allah. Ikilisiya ba ta taɓa mayar da Limbo aƙidar dole ba. Katekizim ya ce a danƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah, kuma a 2007 kwamitin malaman tauhidi na Batikan ya ce akwai ƙwararan dalilan sa zuciya ga cetonsu. Katekis, wato mai koyar da 'yan aji, da har yau yake gaya wa mai jego cewa ɗanta ba zai ga Allah ba, ya zarce abin da ikilisiyarsa ta faɗa.

Lutaran sun rubuta a shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg a 1530 cewa baftisma wajibi ce ga ceto, suna kuma yi wa jarirai. Katekizim ɗin Angilikan na 1662 ya ce baftisma da jibin Ubangiji wajibai ne ga ceto, addu'ar baftismar manya kuma ta sa sharaɗin inda za a iya samu. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da malaman waɗannan ikilisiyoyi ke maimaitawa, cewa raini ne ke hallakarwa, ba rashin samu ba.

ECWA, wadda ta tsiro daga aikin mishan ɗin SIM aka kafa ta a 1954, kuma tana da majami'u a karkarar nan, tana tare da Baftis da yawancin 'yan Fentikos a ɗaya gefen. A wurinsu mutum yana samun ceto ne a lokacin da ya tuba ya ba da gaskiya. Baftisma farilla ce ta biyayya, shaida ce a gaban jama'a cewa an mutu an tashi tare da Almasihu kamar yadda Romawa 6:3-4 ta zana, shi ya sa suke nutsarwa, kuma ba sa yi wa jarirai, miƙa su suke yi. Wannan matsayi ya ci rayuka kafin ya zauna. A Janairun 1525 wasu mutane a birnin Zurik na Suwizalan suka sake yi wa juna baftisma a matsayin manya, a Janairun 1527 hukumar birnin ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Felix Manz, a kogin Limmat har lahira. Amma ko a ECWA, mai cewa "na sami ceto, ba ruwana da baftisma" dattawa ba za su ba shi jibin Ubangiji ko muƙami ba, za su ma yi shakkar tubansa.

Waɗanda suka tsaya can ƙurya kaɗan ne. Ikilisiyar da ake kira Church of Christ tana koyar da cewa a cikin nutsarwar ne ake gafarta zunubi, don haka ba sa yarda mai tuba ya kwana ba a kai shi ruwa ba. A ɗaya ƙarshen, Salvation Army sun daina baftismar ruwa tun 1883.

Saboda haka, dattijon da ya mutu yana aji, Fada da Rabaran da Fasto duk suna da abin ta'aziyya da za su faɗa ba tare da sun ci amanar koyarwarsu ba: wannan zai ce marmarinsa, wancan zai ce bangaskiyarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne dalilin da ya sa ya shekara biyu yana jira tun farko. A karkara sau da yawa ba laifinsa ba ne. Mai bishara ko katekis ne ke riƙe da majami'ar ƙauye, shi kuwa a tsarin yawancin ikilisiyoyi ba shi ke yin baftisma ba, sai an jira naɗaɗɗen fasto ko Fada da ke zagaya ƙauyuka da dama. Ana tara 'yan aji har Kirsimeti ko Ista. Ana gindaya haddar ayoyi ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba. Wani wurin ma sai an biya kuɗin kati ko bashin gudunmawa. Koyarwa kafin baftisma abu ne mai kyau kuma daɗaɗɗe, ikilisiyar ƙarni na 3 takan riƙe ɗan aji har shekara uku, amma ita ma in ciwo ya tsananta takan yi masa a kan gado. Ikilisiyar da ke wa'azin cewa baftisma umarnin Ubangiji ce, sannan ta bar tsoho mai jinya yana jiran Disamba, bakinta da aikinta sun saɓa.

Ga masu bin koyarwar Katolika, baftismar gaggawa ba ta bukatar Fada. Kowa na iya yi, ungozoma ce ko kaka ko uba, har ma wanda shi kansa ba a yi masa ba, muddin ya yi niyyar yin abin da ikilisiya ke yi. Ruwa na ainihi ake nema, na rijiya ko na burtsatse ko na leda, ba sai mai albarka ba. Nono, kunu, mai ko miyau ba sa yi. Rabin kofi ya isa. In da hunturu ne a ɗan ɗumama shi, don jaririn da ya zo bakwaini sanyi na iya ƙarasa shi. A zuba a goshi sau uku yadda ruwan zai gudana a kan fata, ba a kan hula ko zani ba, mai zubawar kuma shi ne zai furta da bakinsa a daidai lokacin: "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Kurakuran da aka fi yi su ne wata ta zuba wani ya yi magana, ko a ce "cikin sunan Yesu" kawai, ko a sauya kalmomin. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, don a 2020 Batikan ta yanke cewa wadda aka yi da "muna yi maka" maimakon "ina yi maka" ba ta inganta ba. Ba a yi wa gawa. In ana shakka ko da sauran rai, sai a fara da "in kana da rai". Babba kuwa sai in ya taɓa nuna yana so, ba a yi wa wanda ya suma abin da ya ƙi yana farke. In yaron ya rayu, a sanar da Fada a rubuta a rajista, a cika sauran addu'o'in a majami'a ba tare da an sake zuba ruwa ba.

Masu nutsarwa matsalarsu ruwan ne kansa. Daga Fabrairu zuwa Mayu rafuka sun ƙafe, sai kududdufi mai kore, ko a yi hayar mota zuwa bakin dam irin Tiga ko Challawa. Ruwan da ya kai ƙugu zuwa ƙirji ya isa. A tura saurayi da sanda ya taka wurin tun jajibiri, don bakin dam yakan yi gangare farat ɗaya, laka kuma na riƙe ƙafa. A sa mataimaka biyu a cikin ruwan, mata dattijai da zannuwa a bakin gaɓa, 'yan mata su sa tufafi masu kauri da duhu. Ruwan kwance da magudanan noman rani irin na wajen Kura da Kadawa suna ɗauke da tsargiya, don haka majami'ar da ta iya gina kwarmin siminti mai zurfin mita guda da 'yan matakala, ta cika shi da ruwan burtsatse, ta huta. Gurgu ko mai jinyar da ba zai iya shiga ruwa ba fa? Nan masu tsananin nutsarwa kan rasa ta cewa, alhali tsohuwar takardar koyarwa da ake kira Didake, ta wajen ƙarshen ƙarni na 1, ta riga ta warware: a nemi ruwa mai gudu, in babu a yi da wani, in ba a iya na sanyi ba a yi da mai ɗumi, in duk babu a zuba a ka sau uku.

Aure tsakanin ikilisiyoyi shi ke tono maganar maimaitawa. Yarinyar da aka yi wa baftisma tana jaririya a Katolika ko Angilikan ta auri ɗan ECWA ko Baftis, sai a ce ta shiga aji. Iyayenta na ganin an rena abin da aka yi mata, dattawan can kuma na cewa ba maimaici ba ne tunda ta farkon ba ta san an yi ba. In aka juya, Katolika tana karɓar baftismar ECWA muddin da ruwa aka yi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai in akwai shakka ta gaske a yi ta sharaɗi. Gara iyayen biyu su zauna da masu hidima tun kafin a kai kayan aure. Wasu kuma kan nemi a sake musu saboda faston da ya nutsar da su ya faɗa cikin abin kunya daga baya. An yi wannan rigimar a Arewacin Afirka tun zamanin Agustin da mabiyan Bishop Donatus, matsayin da ya zauna kuma shi ne ingancin baftisma ba ya rataye ga halin mai yin ta. Wanda ya ja da baya ya komo, tuba ake nema gare shi, ba sabon ruwa ba.

Mai mata fiye da ɗaya shi ne ya fi daɗewa a bakin ƙofa a ƙasar nan, musamman a gidajen da suka fito daga Maguzanci. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya ce kada a yi wa irin wannan magidanci baftisma, ya zauna ɗan aji. Sai a 1988 taron ya yarda a yi masa tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma jama'ar ikilisiyar wurin sun amince. Dokar Katolika tana neman ya zauna da ɗaya, tare da ɗaukar nauyin sauran. Ikilisiyoyin mishan da dama sun bi tsohon tsarin, aka sami dattawan da suka gina majami'a da hannunsu, suka ba da filin, suka tsufa a bencin baya, don ba za su kori uwar 'ya'yansu ba. Ko wane matsayi ikilisiya ta ɗauka a kan auren, mutumin da ya shekara ashirin yana roƙo ana hana shi ba ya cikin masu raini.

Saura jana'iza. Littafin addu'a na Angilikan na 1662 ya hana a karanta hidimar binnewa ga wanda ba a yi wa baftisma ba, kuma burbushin wannan tunani bai gama fita daga kawunan wasu dattawa ba. Dokar Katolika ta yanzu tana lissafa ɗan aji cikin masu bi a wajen jana'iza, tana kuma ba bishop ikon yarda a yi wa yaron da iyayensa suka yi niyyar kai shi amma mutuwa ta riga su. A ikilisiyoyin da ke cewa ceto ta wurin bangaskiya ne kaɗai, babu hujjar tauye jana'izar mai bi don ba shi da kati. Abin da ke jawo gardama a irin wannan rana yawanci rashin rubutu ne: katin ya jiƙe a damina ko gara ta ci, faston da ya san maganar an yi masa canjin wuri. Kowace majami'ar ƙauye na bukatar rajista mai bangon kwali da ke ɗauke da suna, ranar baftisma, wurin da aka yi, wanda ya yi da shaidu biyu, da wani shafi dabam na 'yan aji da ranar da kowannensu ya nema, a kuma aika kwafi ofishin gunduma duk ƙarshen shekara.